Kwalbar Alewar Rajista

Da sunan Allah, wanda ya ba kowane bawa abin da zai ci abinci da shi. Wani ƙarfi aka ba shi, wani baki, shi kuwa Rajista kai aka ba shi.

Mai wanki da guga ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran keke da mai kanti, da ɗan fili a baya inda famfo yake da igiyoyin shanya. A ciki akwai teburin guga da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, sai kantoci har sama cike da kayan mutane a ninke. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki bai taɓa sa wa riga alama ba. Bai iya rubutu ba, bai kuma nemi mai rubuta masa ba. Ka kawo masa kaya yau ka yi tafiya, ka dawo bayan wata uku, kafin ka gama sallama ya miƙa hannu ya zaro naka, har ya tuna maka cewa maɓalli na biyu dama yana lilo ka kawo shi. Shi ya sa aka sa masa Rajista, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Matarsa, wadda duk layin ke ce wa Iya, ita ma ba ta san baƙi da fari a takarda ba, don haka ta fi kowa sanin darajar wannan kai. Mai rubutu in ya manta sai ya buɗe littafi. Su kuwa in kan ya rufe, to shagon ne ya rufe.

Sai dai akwai kwalba. Babbar kwalba ce mai jan murfi a gefen teburin, kullum cike da alewa. Duk wanda ya kawo ƙunshin wanki, Rajista zai buɗe ta ya jefa alewa ɗaya a baki, sannan ya kwance ƙunshin, ya ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, ya dube su ya dubi fuskar mai su, yana tsotsa. Ba ya sallamar mutum sai alewar ta narke. Tun yana koyon aiki ya saba, domin maigidan da ya koya masa yakan ba shi alewa in ya tuna kayan mutum daidai, shi kuma sai ya ɗauka alewar ce ke riƙe masa abin. In an yi masa magana sai ya ce, "Zaƙi ke manna abu a kai. Ba ku ga yadda yake manne a yatsa ba?"

Shekara da shekaru Iya ba ta ga aibun abin ba. Ƙunshi goma a wuni, alewa goma, ga shi a tsaye yana murza yana matsa tun safe. Allah ya rufa asiri, da wannan teburin aka yi tarbiyyar yara huɗu.

Sai aka buɗe wata masana'anta a ƙarshen titi, da gidan kwanan ma'aikata. Samari ne marasa iyali, ba mai yi musu wanki, kuma dukansu riga iri ɗaya suke sawa, shuɗiya mai aljihu biyu. Ƙunshi goma ya koma arba'in, wata rana hamsin. Rajista ya sayi injin wanki, ya daina murza da hannu, ya samu kujera. Amma dokarsa ba ta sake ba, kowane ƙunshi da alewarsa. Ga shayin safe da cokali biyar na sukari, ga lemon kwalba mai sanyi daga wurin mai kanti da rana saboda zafin guga.

Iya ce ke kai masa abincin rana, don haka a idonta abin ya fara. Da safe garau yake, yana tsokanar mai gyaran keke. Da an yi azahar sai mutum ya zama wani. Ido ya yi nauyi, ya riƙe dutsen guga yana gyangyaɗi a tsaye. Ka yi masa magana ya hau ka da faɗa. Mutumin da a shekara talatin ba ta taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ran nan a kan murfin kwano ya yi mata tas a gaban mutane.

Ta ce, "Malam, murfin kwano ne fa."

Ya ce, "Na san murfin kwano ne. Ni na ce miki hula ce?"

Ta haɗiye, ta ce a ranta Allah yana tare da masu haƙuri, amma dai haƙurin ma da wuya yake.

Daga nan aka fara dawo da kaya. Mai gadin banki ya zo da wando a hannu ya ce, "Baba Rajista, wannan in na sa shi sai an nemo ni a ciki." Wandon direban tanka ne, mutum kamar ƙofar gari. Malamar makarantar da ke bayan layi ta buɗe ledarta a gida ta tarar da rigar aikin mahauci a ninke tsakanin mayafanta. Ba ta yi faɗa ba, ita da kanta ta dawo da ita, ta ajiye a tebur ta ce, "Baba, ko jikin ne?" Wannan tambayar ta fi zagi yi masa ciwo.

Abin da ya tsinka wa Iya zuciya shi ne ranar da ta tarar da shi yana la'asar a bayan shago, ta tsaya da kwano tana jira, ta ga ya tashi raka'a ta biyar. Ta yi gyaran murya, bai ji ba. Da ya sallame ta gaya masa, ya rantse huɗu ya yi.

To ku ji abin da Iya ta yi, Allah ya yafe mata. Ta zauna ta yi tunani, ta ce ai mutumin nan zaƙi ne ke riƙe masa kai, aiki ya yi yawa, ke nan zaƙin ne ya kasa. Ta sayo zuma kwalba guda, kullum safe ta ɗura masa cokali uku. Ta ƙara masa madarar gwangwani mai kauri a shayi. Shi ma a nasa ɓangaren, da ya ga yana mantuwa sai ya mai da alewar biyu-biyu. Mata da miji suka haɗa kai suna kashe wuta da kananzir, kowa yana ganin ya yi dabara.

Babban ɗansu, wanda ake ce wa Babba, makaniki ne, mutum ne mai son a yi abu a gama. Labarin rigar mahauci ya kai masa har gareji. Ya zo gida ya zauna a gaban uwarsa ya ce, "Iya, tsufa ne. Ba abin kunya ba ne. Akwai mai sai da waya da ke son shagon. Baba ya dawo gida ya huta, ni zan riƙe ku."

Iya ta ce, "Ya huta ya yi me?"

"Ya zauna."

"Ubanka ya zauna? Ranar da aka yi ruwa ya wuni a gida, labulen ɗakina sau uku ya goge shi. Kai dai ka ce kana so in riga shi tafiya."

Da wasa ta faɗa, amma abin da ke ranta ba wasa ba ne. Ta san mijinta. Ba shi da wurin hira, ba shi da wani abin da ake kiransa da shi sai wannan kai. Ranar da aka ce masa kan ya lalace, ya tattara ya koma gida, ranar zai fara mutuwa a zaune. Babba ya ce to ya ji, amma in aka sake dawo da kaya ko aka ɓata na wani, ba zai bari a mai da ubansa abin dariya a layi ba, zai kawo mai waya.

Ana cikin haka sai Auta ta zo hutun kwana uku. Ita ce ƙaramarsu, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, tana da aure da ɗiya biyu. Ta ce za ta wuni a shago ta taya Baba hira. Da yamma ta dawo da leda ta zazzage a gaban Iya. Takardun alewa ne, ja da kore da ruwan ɗorawa, tsibi guda.

Ta ce, "Na yau ne kaɗai. Ban da lemo biyu."

Iya ta ce, "Ai maganin mantuwar ne. Ni ma ina ba shi zuma."

Auta ta dubi uwarta, ta buɗe baki, ta rufe, don dai uwa uwa ce. Sannan ta ce, "Iya, cokali nawa?"

"Uku. Zuma ai waraka ce, kowa ya sani."

"Waraka ce, Iya. Amma ba a ce a ɗora ta a kan alewa tamanin ba."

Washegari ta hana shi karyawa ta kai shi gwajin jini. Ya tafi yana mita, wai shi lafiyarsa lau, an bar kayan mutane a jiƙe. Likita ya ce sukarin jininsa ya hau, yana bakin ƙofar ciwon sukari, ƙafa ɗaya ma ta shiga. Ya ce in sukari ya daɗe yana yawa a jini yakan gajiyar da ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, tunani ya dusashe. Bai yi alkawarin komai zai dawo ba, ya dai ce a rage a gani.

Rajista ya ce likitan yaro ne, bai taɓa riƙe rigar mutum hamsin a kai ba.

Auta ta zaunar da shi a shago ta ce, "Baba, in za ka yi guga da na gawayi, me ya sa ba ka cusa takarda a ciki? Ai ta fi saurin kamawa."

Ya ce, "Takarda? Ta yi bal ta mutu, dutse ya huce a tsakiyar riga?"

"To haka kake yi wa kanka. Ƙwaƙwalwa tana son sukari, gaskiyarka, amma irin na gawayi take so, wanda jiki ke tatsa daga abinci a hankali. Alewa takarda ce. Za ka ji garau na ɗan lokaci, sai jiki ya yi maza ya kwashe, ka faɗo. Nan ne barcin yake zuwa, da faɗan, da nauyin kai. Sai ka ce bari in ƙara wata."

Ya ce, "Na biya miki makaranta don ki zo ki koya mini guga."

Iya ba ta tsaya jayayya ba. Ta ɗauke kwalbar ta kai gida ta kulle a kabad. Ta mai da shayi cokali ɗaya. Ta je wurin mai kanti ta ce in ya sake sayar wa mijinta da lemo, ita da shi sai a gaban Allah. Auta ta koma bakin aikinta ta bar uwarta da yaƙin.

Kai, wannan mako Iya ta ga ikon Allah. Ya ce kansa na ciwo. Ya ce shayin ruwan wanke kofi ne. Ya ce an haɗa kai da 'ya'yansa za a kashe shi da ransa. Ya yi fushi da ita, ya yi fushi da mai keke, har kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin tebur sai da ta canja shago. Iya tana jan carbi tana cewa Allah ka ba ni ladan wannan, don in ba lada to asara ce.

Ashe mutumin yana da hanyarsa. In ya fita sallah sai ya zaga ta bayan layi ya sayo alewa. Ya san Iya tana laluba aljihunsa da aljihun tebur, sai ya riƙa ɓoyewa a inda ba za ta taɓa ba, wato aljihun rigunan mutane da ke rataye. Mai ɓoyo kuwa sai da tuna inda ya ɓoye, shi kuma abin da ya rasa ke nan.

Wata rana bayan azahar ya sauko da farar rigar limamin masallacin layin, ya shimfiɗa, ya yayyafa ruwa, ya ɗora dutse mai zafi a kan aljihu. Iya tana zaune a bakin ƙofa sai ta ji ƙamshin ƙonannen sukari. Ya ɗaga dutsen, zare ja yana binsa. Alewa uku ne suka narke suka shiga yadin, tabo ja kamar tafin hannu a kan ƙirji.

Iya ta zo ta tsaya a kansa. Tana da magana cike da baki, tun ta mako guda, amma da ta ga fuskarsa sai ta kasa. Ya ce a hankali, "Shekara talatin da huɗu ban taɓa ɓata rigar mutum ba."

Ta ce, "To yau ka ɓata. Kuma ba tsufa ne ya sa alewa a aljihun liman ba."

Shi da kansa ya bi rigunan da ke rataye yana lalubawa, ya fito da goma sha ɗaya, ya zuba mata a hannu. Liman mutumin kirki ne, ya ce ba komai, amma layi ba ya riƙe magana. Washegari da hantsi sai ga Babba da mai waya, har da tef ɗin awo, yana duba inda zai kafa gilashi.

Iya ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam mai waya, naɗe igiyarka." Ta juya ga ɗanta. "Ka ba ni wata ɗaya."

"Iya, mun yi magana."

"Mun yi. Wata tara na ɗauke ka ban ce mun yi magana ba. Ɗaya nake nema."

Babba ya sunkuyar da kai. Mai waya ya naɗe tef.

Daga ranar Iya ta koma wuni a shagon. A nan ta lura da wani abu. Ba alewa, sai Rajista ya karɓi ƙunshi ya jefa a lungu ya sallami mutum nan take, don ba abin da zai jira ya narke. Ta tuna yadda yake yi a da, yana tsotsa yana ɗaga riga yana duban fuska. Ashe ba zaƙin ke manna masa ba, tsayawar ce. Alewar agogo ce kawai.

Ta dawo da kwalbar, ta cika ta da gyaɗa mai ɓawo. Ta ce, "Kowane ƙunshi gyaɗa biyu. Ka ɓare, ka murje, ka tauna, kana duban kayan. Kada ka sallami mutum sai ka haɗiye."

Ya ce, "Gyaɗa ba ta manna komai. Biri aka mai da ni?"

"Biri ba ya ƙona rigar liman."

Ya ɓare. Da ƙunƙuni, amma ya ɓare.

Ba a kwana ɗaya aka ga sauyi ba. Mako na farko ya haɗa safar wani da ta wani, Iya ta gani ta raba kafin a zo. A na biyu gyangyaɗin azahar ya ragu. A na uku ta ji shi yana tsokanar mai keke da la'asar sakaliya, ta ce alhamdulillahi a ranta, ba ta nuna ba don kada ya samu baki. Ta kuma tilasta masa tafiya da ƙafa zuwa gida, ta hana shi hawa mota, tana biye da shi yana mita har ƙofa.

Ranar da wata ya cika Babba ya zo bayan la'asar, daidai lokacin da a da kan ubansa ke rufewa, kuma daidai tashin ma'aikatan masana'anta. Ya ce Baba ya ɗan fita ya sha iska. Ya sauko da shuɗɗan rigunan nan guda ashirin da ke kan kanta, ya cakuɗa su a tebur. Samarin suka taru a ƙofa suna dariya. Iya ta zauna a kujera da carbi, bakinta yana motsi.

Rajista ya shigo ya ga abin da aka yi. Ya dubi ɗansa ya ce, "Wa zai sake ninkewa?" Sannan ya fara. Ya ɗaga riga ya miƙa wa wani dogo. "Taka ce, kai mai goge hannu a ciki." Ya ɗaga wata. "Kai mai sa biro ba murfi." Wata ya juya wuyanta, wata ya duba bakin hannu. A kan guda biyu ya daɗe har Iya ta manta inda ta tsaya a carbi, sannan ya raba su daidai. Aka yi ta tafiya har kowa ya riƙe tasa, sai ga riga ɗaya ta rage a tebur.

Ya ɗaga ta, ya juya, ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kai rigar hanci, ya ajiye.

Ya ce, "Wannan ban san mai ita ba. Ba kuma a nan aka wanke ta ba. Wanda ya wanke ta bai ɗauraye sabulu ba, wanda ya goge ta kuma Allah ya shirye shi."

Babba ya sosa ƙeya. Aro ya yi wurin wani ma'aikaci, shi ya wanke ta da hannunsa ya goge, ya cusa a ciki. Samarin suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Babba ya ɗauki rigar ya ce, "Zan gaya wa mai waya ya nemi wani wurin."

Rajista ya ce, "Ka bar ta a sake wankewa. Kada ka mai wa mutum da ita haka, da sunana a bakinka."

Yanzu shekara biyu ke nan yana nan a shagonsa. Ba komai ne ya dawo ba. Yakan nemi tabarau yana bisa goshinsa, kuma shuɗɗan rigunan nan ya yarda Iya ta riƙa ɗinka musu zare mai launi a cikin wuya, wai don ita ne, kada ta ruɗe. Duk wata uku Auta tana jansa gwaji, yana zuwa yana cewa likitan yaro ne.

Ita kuwa Iya ta samu sabon aiki da ba ta nema ba. Ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin tebur, a bakin ƙofa, a cikin kwandon gawayi, sau uku take shara a wuni, mutumin ba zai taɓa zubawa a kwanon da ta ajiye masa ba. Shekaranjiya tana shara sai ga takarda ja a cikin ɓawon. Ta ɗaga ta nuna masa.

Ya ce, ba tare da ya ɗago daga guga ba, "Iska ce ta kawo."

Ta ce, "Iskar ta iya lashewa."

Ta jefa a shara, ta je ta laluba aljihun rigunan da ke rataye, tun daga na farko.